Wasan da Yaranmu Suke Yi a Bayan Majami'a

Jawabin da wata malamar Makarantar Lahadi ta gabatar a taron dattawa da shugabannin Zumuntar Mata na gunduma. Mun buga shi yadda ta faɗa.

 Na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya, musamman waɗanda suka taso tun asuba daga ƙauyuka a kan babur. Ni ba fasto ba ce, ban kuma shiga makarantar tauhidi ba. Alli na riƙe a firamare har na yi ritaya, ranar Lahadi kuwa ina tare da yara a gindin dalbejiya sa'ad da ku manya kuke cikin sujada. In na yi tuntuɓen harshe a gaban iyaye, a yi mini gafara.

An ce in yi magana a kan koya wa yara salama. Zan fara da abin da idona ya gani.

Wata Lahadi bayan an tashi daga aji, na zagaya bayan majami'a neman wata yarinya da ta manta Littafinta. Sai na tarar da yaranmu sun jera duwatsu da wata tsohuwar taya, sun tare hanya. Ɗaya yana riƙe da kara kamar bindiga. Duk wanda ya zo wucewa sai a tsai da shi a ce, yaya sunanka? In ya ce Bulus ko Rifkatu, a ce wuce. In ya ce Musa ko Yakubu, sai a ce wane irin Musa, a sa shi ya yi Addu'ar Ubangiji. Ƙaramin cikinsu shi aka ba matsayin “na wancan gefe”, aka ce ya kwanta a ƙasa ya mutu. Da na iso yana kuka, ba don an buge shi ba, sai don wai kullum shi ake kashewa, ba a taɓa barinsa ya riƙe bindigar ba.

Babu wanda ya kai shekara goma sha biyu a cikinsu, babu kuma wanda ya taɓa ganin irin wannan shinge da idonsa. To a ina suka koya? A bakinmu. A tsakar gida da dare, lokacin da muke tsammani sun yi barci, da kuma a wayoyin yayyensu.

Kada wani ya ce ban san abin da ya same mu ba. Na tuna Kafanchan a 1987, da Tafawa Ɓalewa a 1991, da Zangon Kataf a 1992. Na tuna Fabrairun 2000 a Kaduna, wanda bayansa gari ya rabu, kogi ya zama iyaka, Kirista suka tattara kudu, Musulmi suka tattara arewa. Jos ma ta bi wannan hanya tun daga ranar Jumma'a 7 ga Satumba 2001. Amma shekarar da nake roƙon dattawa su riƙe ita ce 2004. A watan Fabrairu aka kashe masu sujada a majami'ar COCIN da ke Yelwa ta Shendam. A farkon Mayu aka faɗa wa Yelwa aka kashe Musulmi ɗaruruwa, aka kwashe mata da yara. Ba a yi kwana goma ba wutar ta tashi a Kano, ta ci Kiristan da ba su taɓa taka Yelwa ba, wasunsu ba su ma san inda take ba. Sai a ranar 18 ga Mayu aka sa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato. Mu da muke zaune tsiraru, wannan shi ne lissafinmu: ramuwar da wani ya yi da sunanmu a can, a kanmu take sauka a nan. Kuma wanda ya fi shan wuya shi ne wanda ƙafarsa ba ta iya gudu.

Bari in faɗi abin da wannan aiki ba zai yi ba, don kada in yi muku alkawarin ƙarya. Ajin salama ba zai tare ɗan bindiga ba. Waɗanda suka kwashe 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da 'yan matan Dapchi a 2018, da yaran Ƙanƙara a 2020, da na Jangebe da na makarantar Baptis ta Bethel a 2021, ba darasin Asabar ne zai hana su ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma ba za mu daina neman haƙƙinmu a wurinta ba. Ku lura dai, a cikin waɗannan yara akwai namu, akwai na maƙwabtanmu. Amma rikicin gari, irin wanda yake ƙone shago da majami'a da masallaci cikin yini guda, da jita-jita yake farawa, kuma dutsen farko galibi ba dattijo ne yake jefa shi ba, yaro ne ɗan shekara goma sha biyar. Wannan yaro yana hannunmu yanzu, yana da shekara tara.

Da na fara kawo wannan magana a ikkilisiyarmu, wani baba da nake girmamawa ƙwarai ya ce mini, “'Yata, mu ake kashewa, mu kuma za a koya wa haƙuri? Je ki koya musu.” Ban iya amsa masa ba a ranar, domin na san ya binne ɗa a 2011. Daga baya na je gidansa muka zauna. Na ba shi labarin Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa na dama a faɗan 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda aka kashe malaminsa da 'yan'uwansa biyu a wannan faɗa. Kowannensu jagoran matasa ne a gefensa. A 1995 aka haɗa su, suka ɗauki shekaru kafin zuciya ta saki, suka kafa cibiyar sulhu tare. Suna cikin waɗanda suka tsaya har shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta 2002. Ban ɓoye masa ba cewa bayan wata uku rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a garin, wato takarda kaɗai ba ta isa ba. Na kuma tuna masa da Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barkin Ladi, wanda a ranar 23 ga Yuni 2018 ya ɓoye mutum 262 a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Na ce masa, Baba, wannan dattijo wani ne ya yi masa tarbiyya yana yaro. In da abin ya juya, akwai yaro a ajinmu da zai girma ya tsaya a ƙofar majami'a haka saboda 'ya'yan wani? Baban bai ce kome ba. Amma jikokinsa biyu suna zuwa aji.

Mu ba mu ne farkon tsiraru ba. Waɗanda aka kwashe zuwa Babila tsiraru ne a garin waɗanda suka rushe musu gida, kuma kun san wasiƙar da annabi Irmiya ya aika musu a sura ta 29, inda ya umarce su su nemi lafiyar garin su kuma yi masa addu'a. 'Yan'uwanmu na EYN, waɗanda yawancin 'yan matan Chibok nasu ne, waɗanda kuma aka kore su daga hedkwatarsu ta Kwarhi a watan Oktoba 2014, ba su jefar da koyarwar salama ba. A cikin gudun hijira suka riƙa zaman warkar da raunin zuciya. In su ba su ce lokaci bai yi ba, mu ba mu da hujja.

Yanzu zan shiga wurin da ya fi mini wuya, domin a nan ba wani gefe, mu ne kaɗai.

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF suka yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya, aka bayyana sakamakon a 2015. Yara shida cikin goma suna gamuwa da wani irin cin zarafi kafin su kai shekara 18. Rabin yara an yi musu dukan da ya wuce horo, irin su naushi da shuri da bulala da ƙuna. Yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an taɓa su ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Kuma mai yin abin, yawanci ba baƙo ba ne: mutumin gida ne, ko maƙwabci, ko malami. Binciken ƙasa ne duka, bai ce gidajen Kirista an keɓe su ba.

Ni kaina ina cikin wannan lissafi. Ina da bulala a aji shekara da shekaru, ina kuma alfahari da cewa ajina ba a motsi. Akwai wani yaro da na zane ranar Litinin saboda ya zo a makare. Da aka fita tara na gan shi ya kama wani ƙarami ya yi masa daidai irin dukan da na yi masa, a daidai wurin, har da maganar da na faɗa. Muryata na ji a bakinsa. Daga baya na sami labari cewa ruwa yake ɗebo wa matar babansa tun duhu, shi ya sa yake makara. Ban tambaye shi ba. Darasin da ya ɗauka a wurina ba lissafi ba ne. Ya koyi cewa in ka fi mutum ƙarfi kuma ranka ya ɓaci, hannu ne yake magana. Yaron da aka koya wa wannan a gida da makaranta da majami'a, ranar da gari ya rikice ba sai an ƙara masa wani darasi ba.

Na san ayoyin Karin Magana a kan sanda, kuma ban zo in yi gardamar fassara da fastoci ba. Abin da zan ce shi ne, ku tsaya ku kalli ɗan Fulani da shanunsa. Sanda tana wuyansa yini guda, yana nuna hanya da ita, yana tare wadda za ta shiga gonar mutane, amma sau nawa kuka ga ya zabga wa saniya har ta yi jini? Ya san darajar abin da yake kiwo. Horo dole ne. Yaron da ya yi laifi a ajinmu yanzu yana gyara abin da ya ɓata, yana neman gafara a gaban wanda ya cuta, wani lokaci ya rasa wasan ƙwallo na mako. Wannan ya fi bulala cin lokaci, ban musa ba. Amma an gwada a wani wuri an ga yana yiwuwa. A gundumar Luwero ta ƙasar Uganda an yi gwaji a makarantun firamare 42. Rabinsu aka koya wa malamai da yara hanyoyin horo ba da duka ba har wata 18, rabi aka bar su yadda suke. Da aka buga sakamakon a 2015, a makarantun da aka bari kusan yara 49 cikin ɗari suka ce malami ya buge su a makon da ya wuce, a waɗanda aka koyar kuwa 31. Duka bai ƙare ba, amma ya ragu sosai, kuma malaman nan ba mala'iku ba ne, irinmu ne.

Game da lalata da yara, maganata gajeruwa ce. Idan yarinya ta ce wani ya taɓa ta, ko da mai bishara ne, ko shugaban mawaƙa, ko ƙanen babanta, ba zancen “a rufa wa ikkilisiya asiri” ba ne. A kai ta asibiti, a kai maganar wurin hukuma. Ƙasar nan tana da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003. Na san muna tsoron abin da maƙwabta za su ce, da yake mu kaɗan ne kuma ido yana kanmu. Amma Ubangiji ya yi magana a kan dutsen niƙa a Matiyu 18, kuma ba ga mutanen waje ya faɗa ba, ga almajiransa ne.

To yaya ake gudanar da ajin? Irin wannan ƙungiya ta salama a makarantu ta fara a ƙasar Zambiya a 2006 da taimakon Mennonawa, daga baya ta iso makarantu a Filato. Mu namu ƙarami ne. Awa ɗaya ne ranar Asabar, malamai biyu kullum, mace da namiji, kuma ba a yarda babba ya keɓe da yaro shi kaɗai ba, ko ni ce. Ba wa'azi muke yi ba, yaran sun sami wa'azi ranar Lahadi. Muna farawa da fushi: a ina kake jin sa a jikinka, me kake yi kafin hannunka ya tashi? Sai wasan kwaikwayo. Faɗa a bakin famfo a kan wanda ya riga ajiye jarka, su yi shi yadda yake ƙarewa kullum, sa'an nan su sake yi su nemo masa wata ƙarewa. Muna zaɓen yara biyu kowane wata su zama masu sulhu, su ji ta bakin kowa ba tare da katse shi ba. Za ku yi mamakin adalcin ɗan shekara goma in aka ba shi amana. Muna kuma koya musu cewa inda wando da riga suka rufe nasu ne, kuma ba a riƙe wa babba sirrin taɓawa.

Darasin da na fi ƙauna shi ne na jita-jita. Mu jera su, in raɗa wa na farko cewa akuyar maƙwabci ta ci mana kaɗan daga masara. Kafin maganar ta kai na ƙarshe, an yanka shanu an ƙone rumbu. Su yi dariya har su faɗi. Daga nan muke ba su tambaya uku da za su yi wa kowane labari, ko a baki ya zo ko a WhatsApp: wa ya gani da idonsa, yaushe, a ina? Kwanakin baya dutse ya fasa wa wani yaronmu goshi yana dawowa daga makaranta. Kafin azahar magana ta zagaya cewa almajirai sun jefi ɗan Kirista, samarinmu sun fara taruwa. Wata yarinya 'yar ajinmu ce ta tsaya ta ce, wa ya gani? Da aka bi sawu, ashe mangwaro ake jifa, kuma cikin masu jifan har da yayan yaron.

Mun yi kurakurai, gara ku ji su daga bakina. Da farko mun raba shinkafa da riguna. Ranar da shinkafa ta ƙare, yara suka ƙare. Sa'an nan muka shirya ƙwallo, yaran majami'a gefe ɗaya, yaran Islamiyya gefe ɗaya. Da jifa aka tashi. Wauta ce tawa, na raba su yadda gari yake raba su, na kuma ba su abin da za su yi faɗa a kai. Yanzu kowace ƙungiya gauraye take, mai tsaron gida Istifanus, mai cin ƙwallo Aminu.

Akwai wani bincike da aka yi a Kaduna, aka buga shi a 2018, wanda ya buɗe mini ido. An koya wa samari kwamfuta har mako 16, wasu a aji gauraye, Kirista da Musulmi, wasu a aji na addini ɗaya. Ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ko sau ɗaya ba. A ƙarshe ra'ayinsu game da juna bai sāke ba, abin da suke faɗa da baki yana nan. Amma da aka ba su kuɗi su raba, waɗanda suka zauna a aji gauraye ba su nuna bambanci kamar na ajin addini ɗaya ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, waɗanda aka tara su kaɗai sun fi nuna bambanci fiye da waɗanda ba su shiga ajin ba sam. Ku yi tunanin wannan. Muna tara yaranmu su kaɗai a Makarantar Lahadi, da Birged, da ƙungiyar mawaƙa, da makarantar mishan, kuma duk abu ne mai kyau. Amma in ba su da ko wuri ɗaya da za su yi aikin hannu tare da ɗan maƙwabci, to muna gina katanga ba mu sani ba.

Shi ya sa sau ɗaya a wata muke haɗuwa da yaran unguwa. Ba a majami'a ba, ba a masallaci ba, a filin firamare. Kafin mu fara, fastonmu da dattawa biyu suka je wurin mai unguwa da goro, shi ya kai su wurin liman. Aka yi magana a fili: ba mai yi wa ɗan wani wa'azi. Liman ma tsoron da muke ji shi yake ji, cewa za a janye masa yara. Aiki muke yi, share magudanar ruwa kafin damina, dashen itace, haɗa sabulu.

Iyaye mata, na ga fuskokinku, na san abin da yake zuciyarku: 'yan matanmu. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kowa a nan ya san gidan da aka yi kuka a kan haka. Dokarmu ita ce 'yan mata suna tare da mata manya daga ɓangarorin biyu, ana rubuta sunan kowa da shigarsa da fitarsa, ana tashi kafin la'asar, kuma uwa ko yaya ce take zuwa ɗaukar yarinya. Uwar da ba ta yarda ba, ba a matsa mata, ba a kuma yi da ita a Zumunta.

Abu ɗaya da ban iya ba har yanzu shi ne yaran da suka ga abin da idonsu, waɗanda suka zo mana daga Gwoza da Michika da kudancin Kaduna. Akwai wanda in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin benci, akwai mai fitsarin kwance yana da shekara goma sha uku, ana dukansa a kai. Waɗannan ba taurin kai ba ne, rauni ne. Muna bukatar a aika mutum biyu daga gunduma su koyo wannan aiki a wurin waɗanda suka riga mu.

Ga roƙona, iyayena. Kowace ikkilisiya ta ba da mutum biyu da benci huɗu. A ware baikon Lahadi ɗaya a wata uku don takarda da ƙwallo da ruwan sha, ba don shinkafa ba. Dattawa su yarda su taka da ƙafarsu zuwa wurin mai unguwa, domin in ni na je, mace ce ta zo, in ku kuka je, ikkilisiya ce ta zo. Sa'an nan ina roƙo a rubuta cikin littafin taron nan cewa ba a ƙara shiga Makarantar Lahadi da bulala a gundumarmu. Na san wannan na ƙarshe sai an yi muhawara, kuma ina nan har a tashi don amsa tambaya. Tawa bulalar dai tana cikin jakata, na zo da ita in miƙa wa sakatare.